Gwanjon Sito a Amurka: Lissafin da Ake Yi Kafin a Taya

A Amurka akwai wata kasuwa da bashin haya ya haifa. Kamfanoni irin su Public Storage, Extra Space Storage, CubeSmart da U-Haul suna gina dogayen layukan ɗakunan ajiya, kowanne da ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama irin ta shago, suna ba mutane haya wata-wata. Irin waɗannan wurare sun kai kimanin 50,000 a faɗin ƙasar, kuma kusan gida ɗaya cikin kowane goma yana riƙe da sito. Masu hayar kowa da dalilinsa: wanda ya tashi daga babban gida ya koma ƙarami, wanda aurensa ya mutu, ɗalibin da ya tafi hutu, magadan da suka rasa inda za su kai kayan mamaci. Idan mai haya ya daina biya, doka ta ba kamfani damar ya yi gwanjon abin da ke cikin ɗakin, ya cire haƙƙinsa. Ɗakin gaba ɗaya ake sayarwa, ba a ware kaya ɗaya bayan ɗaya.

Yawancin masu sha'awar harkar daga talabijin suka ɗauko ta. Shirin Storage Wars da tashar A&E ta fara nunawa a ƙarshen 2010 shi ya cusa wa jama'a tunanin cewa bayan kowace ƙofa akwai dukiya, ya kuma jawo sababbin masu tayi da suka tayar da farashi. A 2012 ɗaya daga cikin masu fitowa a shirin ya shigar da ƙara yana zargin cewa ana dasa kaya masu tsada a ɗakunan kafin a ɗauki hoto. Ba wai ba a dacewa ba. A 1989 an sayi wani sito a Long Island a kan kusan dala 100, aka tarar da motar Lotus da aka ƙera don wani fim, wadda Elon Musk ya saya a gwanjon Landan a 2013 a kan fam 616,000. Amma labari ɗaya ne da ake ta maimaitawa shekara da shekaru, kuma yawan maimaita shi ma ya isa ya nuna ƙarancin irinsa. Abin da mai tayi yake saye a zahiri aiki ne: ya kwashe ɗaki tas cikin kwana biyu ko uku, da mai kyau da shara, a kan kuɗinsa da ƙarfinsa. Riba tana fitowa ne daga sanin inda kowane kaya zai tafi tun kafin a taya.

Yadda ɗaki ke kaiwa ga gwanjo

Kowace jiha da dokarta. Ta Texas tana babi na 59 na dokar kadarori, ta New York tana sashe na 182 na dokar riƙe kaya saboda bashi, amma tsarin kusan ɗaya ne. A Kalifoniya, idan haya ta yi kwana 14 a jere ba a biya ba, kamfani zai aika wa mai haya takardar gargaɗi ta farko, ya ba shi wa'adin da bai gaza wasu kwana 14 ba. Idan wa'adin ya cika, sai a hana shi shiga, a aika masa sanarwar sayarwa, a kuma tallata gwanjon ga jama'a. Daga ranar da haya ta tsaya zuwa ranar gwanjo, galibi ana cin wata ɗaya zuwa uku. Kuɗin da aka samu kamfani ba ya cinye shi duka: yana cire bashinsa da abin da ya kashe wajen sayarwa, rarar kuwa ta mai haya ce. Idan bai zo ya karɓa ba, a Kalifoniya bayan shekara ɗaya sai ta shiga baitulmalin gunduma, a Texas kuma bayan shekara biyu ta zama ta kamfani. Akwai kuma dokar tarayya ta 2003 da ke kare sojoji: ba a sayar da kayan sojan da ke bakin aiki, har zuwa kwana 90 bayan ya gama, sai da umarnin kotu.

Wannan tsari yana taɓa mai saye ta hanyoyi da dama. Mai haya yana da damar fansar kayansa muddin ba a kammala ciniki ba, shi ya sa ɗakin da ka ɗora wa ido yakan ɓace daga jerin gwanjo ana saura awa ɗaya, kuma sau da yawa ɗakunan da suka fi kyau su ake fansa, domin mai kaya masu daraja yakan yi rance ya cece su. A wurare da yawa ko ka ci gwanjo, ciniki bai faɗa ba sai ka je ofis ka biya; saboda haka kada ka ɗauki hayar mota kafin ka kira ka tabbatar. Sannan kamfani ba ya ba da tabbacin komai. Yadda ka ga kaya haka ka saya, babu mayarwa. Kuma abin da mai haya bai mallaka ba, gwanjo ba ya mayar da shi naka: idan kayan sata ne, 'yan sanda za su karɓe su mayar wa mai su, kai kuwa ka yi asarar kuɗinka.

Kuɗin da ba a gani a allon tayi

Yanzu mafi yawan gwanjon a intanet ake yi, a shafuka irin su StorageTreasures, Lockerfox da Bid13. Adadin da ka taya shi ne mafarin lissafi kawai. Shafin yana ɗora la'ada, galibi kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, ya cire daga katinka da zarar an rufe. Akwai harajin ciniki na jiha, sai fa idan kana da takardar shaidar mai sari, wadda ke nuna sayarwa za ka yi. Akwai kuɗin ajiya na share ɗaki, yawanci dala 50 zuwa 100, wanda ake mayar maka idan ka bar ɗakin fes. Ragowar kuɗin a ofishin wurin ake biya, kuma da yawa ba sa karɓar komai sai tsaba.

A ƙaddara ka ci ɗaki mai ƙafa 10 tsawo da ƙafa 10 faɗi a kan dala 300. La'adar kashi 15 ta zama dala 45. Haraji, a ce kashi 8, dala 24. Hayar motar kaya da kuɗin mil da mai, a ce dala 100, domin farashin da ake rubutawa a jikin motocin haya na yini ne kawai, kowane mil da kuɗinsa. Mutum ɗaya da zai taya ka ɗauka, dala 120. Juji, dala 80. Jimla dala 669, ban da dala 100 ta ajiya da ke hannun ofis. Ɗakin dala 300 ya ninka fiye da sau biyu ba a sayar da ko cokali ba. Idan a shafin saye da sayarwa na eBay za ka sayar, su ma suna yankar kusan kashi 13 a kan yawancin kaya, ga kuɗin aikawa.

Juji shi ne abin da sabon shiga ya fi mantawa da shi. An hana mai saye zuba shara a kwandon wurin ajiyar. Wanda aka kama zai rasa kuɗin ajiyarsa, a kuma hana shi tayi. Dole ka kai juji na hukuma, inda ake auna mota a sikeli a caje ka da tan, kuma akwai kayan da ake caji daban ko a ƙi karɓa sam: katifa, taya, tsohuwar talabijin mai ƙeya, firji, fenti, batirin mota, tukunyar gas. Katifa uku da tsohuwar kujerar kushin da talabijin mai ƙeya biyu, idan ka hango su daga ƙofa, ba kaya ba ne, kuɗi ne da za ka cire daga tayinka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Karatun ƙofa

A gwanjon ido da ido, ana yanke kwaɗo a ɗaga ƙofa, masu tayi su yi layi su leƙa na 'yan mintuna. Ba a tsallake bakin ƙofa, ba a taɓa komai, ba a buɗe kwali. Tocila mai ƙarfi ita ce kayan aiki. A intanet kuwa hotuna ne da ma'aikaci ya ɗauka daga ƙofa, wani lokaci biyar ko shida, sai ka ƙara girmansu ka bi su kusurwa-kusurwa. Gwanintar harkar kusan duk a nan take.

Fara da ƙura. Ƙura mai kauri da ta kwanta bai ɗaya a kan komai tana nuna an daɗe ba a shiga ba, abin da aka ajiye yana nan. Idan ka ga sawun hannu a kan murfi, ko wani fili mai kusurwa huɗu a ƙasa da babu ƙura a kansa, to an ɗauke wani abu kwanan nan. Mai haya da ya ga bashi na taruwa yakan zo kafin a kulle shi ya kwashe masu daraja ya bar nauyi. Alamar irin wannan ɗaki ba ta ɓuya: an yi hanya a tsakiya har zuwa bango, kwalaye a buɗe, an jawo aljihun durowa an bar shi a waje, tufafi a watse. Wannan ɗaki an riga an tace shi.

Sai yadda aka shirya kayan. Wanda ya sayi kwalaye iri ɗaya, ya manne su da salatif, ya rubuta abin da ke ciki, ya naɗe teburi da bargo ko leda, ya ɗora komai a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, mutum ne da yake ganin darajar kayansa kuma yake da niyyar dawowa. Baƙaƙen ledojin shara da aka jefa kan juna kuwa galibi tufafi ne da tarkace da aka kwashe cikin gaggawa ranar da aka tashi mutum daga gida. Ka dubi irin kayan da ke fili: idan kujeru da kabad na katakon kirki ne, akwai zaton na cikin kwali ma haka; idan na garin katako ne da aka matse, wanda ruwa ke kumbura shi kuma ba ya jure kwancewa da ɗaurawa, sauran ma ba za su wuce wannan aji ba.

Kwalin kamfani yana yaudara. Kwalin babbar talabijin, jakar bindiga, akwatin kayan aikin kafinta, kwalin takalma masu suna, duk ka ƙaddara babu komai ciki sai ka ga shaida. Shaidar kuwa nauyi ne. Kwalin talabijin da ke zaune a saman tarin filo bai lotsa su ba, fanko ne. Robar ajiya da gindinta ya lotsa ko ta danne kwalin da ke ƙasanta, akwai nauyi a ciki, ko da yake nauyin yana iya zama littattafai ne ko faranti. Sannan ka sauke ido ƙasa. Zane mai duhu da ya zagaye gindin kwalaye a tsayi ɗaya yana nufin ruwa ya taɓa shiga. Duk abin da ke takarda, yadi ko fata ya yi fumfuna. Baƙaƙen ɗigo kamar tsabar shinkafa a gefen bango kashin ɓera ne, kuma inda ya zauna ya ci waya da kushin. Ƙananan baƙaƙen tabo a ɗinkin katifa alamar kuɗin cizo ne, kuma wannan kaɗai ya isa a bar ɗaki. Babbar asarar da gwanjon intanet ya jawo ita ce wari: hanci yana kama rima, hayaƙin taba, fitsarin kyanwa da ruɓaɓɓen abinci tun daga ƙofa, hoto kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Shi ya sa ɗakin da ke cikin gini mai na'urar daidaita sanyi ya fi na waje amana, musamman a jihohin kudu masu zafi da laima.

Akwai abu biyu da ake dubawa a tallan kansa. Na farko, wane irin ɗaki ne. Shafukan suna bambanta ɗakin da aka kama saboda bashi da wanda manaja ko wani ɗan kasuwa ya haɗa da hannunsa. Irin wannan ɗakin da aka haɗa, wanda ya san abin da ke cikinsa ne ya shirya shi, ya sa masu ɗaukar ido a gaba, kuma sau da yawa kwantai ne na wani mai sayen gwanjo. Na biyu, lambar hatimi. Bayan an ɗauki hoto, wurin yana rufe ƙofa ya ɗaura ɗan hatimi mai lamba, lambar kuma tana fitowa a tallan. Idan ka je ɗauka, ka gwada lambar da ke ƙofa da ta hoto kafin a buɗe. Idan sun saɓa, ko ka ga kaya ba yadda suke a hoto ba, ka tsaya a bakin ƙofa ka kira manaja. Da zarar ka shiga ka fara motsa kaya, ƙorafinka ya faɗi.

Tayi

Ƙa'idar tsofaffin hannu ita ce a yi tayi a kan abin da ido ya gani kawai. Ka ƙirga kayan da ka tabbatar da su, ka sa musu farashin da za a saya da sauri a garinku, wato na tsoho, sau da yawa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na farashin sabo. A eBay ka duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da masu talla ke nema ba. Ka cire la'ada, haraji, mota, lebura da juji. Rabin abin da ya rage shi ne iyakar tayinka, domin a cikin abin da ka gani ma wani zai fito a karye. Rufaffun kwalaye ka sa musu sifili. Abin da ya fito daga cikinsu gyara ne. Ba a cinikin biri a sama.

Ka rubuta iyakar kafin a fara. Shafukan suna ƙara 'yan mintuna duk lokacin da aka taya daf da rufewa, don haka jira zuwa daƙiƙar ƙarshe ba ya kuɓutar da kowa, sai ma ya mayar da abin ja-in-ja tsakanin mutum biyu. A nan ake tafka asara, lokacin da mutum ya bar lissafi ya koma neman kada a kayar da shi. Ga sabon shiga, ƙaramin ɗaki mai ƙafa 5 da 5 ko 5 da 10 ya fi, wanda ƙaramar mota za ta kwashe a sawu ɗaya ko biyu. Ɗaki mai ƙafa 10 da 30 yana ɗaukar kayan gida guda. Araharsa tana zuwa ne daga cewa kowa ya lissafa wahalarsa ya ja baya.

Musulmin da ke shiga wannan harka yana da abin dubawa. Gwanjo a karan kansa mafi yawan malamai sun halatta shi, haka ma sayar da dukiyar wanda ya kasa biyan bashi don a biya mai binsa sananne ne a fiƙihu. Abin da hadisi ya hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa taya kayan da ba ya nufin saye don kawai ya tayar wa wani farashi, kuma wannan ɗabi'a tana nan a gwanjon sito, inda tsofaffi ke tura sabon shiga sama don ya ƙone ya gudu. Batun garari kuwa, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, malaman Malikiyya sun yarda da sayen tarin kaya da kintace ba tare da awo ba, amma cikin sharuɗɗansa akwai ganin kayan lokacin ciniki. Wanda ya ɗora kuɗinsa a kan abin da ke bayyane yana kan turba mai ƙarfi. Wanda ya zuba kuɗi a kan rufaffun kwalaye yana fatan zinariya, ya matsa kusa da caca.

Awa 48

Wa'adin kwashewa yakan kama daga awa 24 zuwa 72, kuma da lokacin buɗe ofis da ƙofar shiga ake lissafi, ba dare da rana ba. Ka zo da kwaɗonka biyu, katin shaida, tsabar kuɗi, safar hannu mai kauri, takunkumi, wuƙar yanka kwali, manyan ledoji, igiya, keken tura kaya da tsintsiya. Da ka biya, ka ɗaura kwaɗonka. Idan ka ga aikin ya fi ƙarfin wa'adi, ka nemi hayar ɗakin na wata ɗaya tun ranar farko. Wurare da yawa suna yarda, kuma ya fi a ƙwace kuɗin ajiya a kuma rufe maka asusu.

A wurin ake tacewa, ba a gida ba, don kada ka ɗauki shara sau biyu. Na sayarwa su shiga can cikin mota, na juji su zo bakin ƙofa don su fara sauka. Tsakanin waɗannan akwai kayan da suka yi kyau amma ba su kai a ɓata lokacin talla a kansu ba, waɗanda ƙungiyoyin agaji irin su Goodwill da Salvation Army ke karɓa, da kuma ƙarafa. Masu sayen ƙarfe suna biya da nauyi, kuma jan ƙarfe da farin ƙarfe na alminiyon sun fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, saboda haka a ware su. Kada hannu ya shiga jaka ko leda ba a gani ba; zazzage ta ake yi, domin allura da fasasshen gilashi ba baƙi ba ne a irin waɗannan ɗakuna. Ƙananan abubuwa masu daraja suna ɓuya ne a aljihun kwat, cikin safa, tsakanin shafukan littafi, ambulan da gwangwanin alewa. A jikin sarƙa ko zobe ka nemi tambari: 10K, 14K ko 18K na zinariya, 925 na azurfa. Wanda maganaɗisu ya ja, jabu ne, ko da yake wanda bai ja ba ma sai an gwada.

Tufafi da zannuwa a ɗaure su a leda, daga nan sai injin busar da kaya a zafi mafi ƙarfi na aƙalla minti 30, domin zafin da ya kai digiri 50 yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa. Kada kushin ko katifa su shiga gidan da kake kwana. Jihohi da yawa ma ba sa barin a sayar da tsohuwar katifa sai an tsabtace ta an manna mata takarda. Gadon jarirai mai gefe da ke sauka an haramta sayar da shi a Amurka tun 2011, ko sabo ko tsoho, haka duk kayan da hukuma ta sa aka janye daga kasuwa. Bindiga, harsashi, ƙwaya ko wani abin da ya yi kama da shaidar laifi, a bar shi inda yake a kira manaja da 'yan sanda. Mota ko babur da aka tarar, ba naka ba ne a idon doka sai an bi hanyar samun takardar mallaka daga ofishin rajistar motoci.

Akwai kuma kayan da ba na sayarwa ba ne ko kaɗan. Hotunan iyali, takardun haihuwa, fasfo, takardun asibiti da na haraji, wasiƙu, har da tokar mamaci da wasu ke ajiyewa a tulu. Yawancin wurare sun sharɗanta a haɗa su a kwali a kai ofis don mai su ya karɓa. Ko da babu sharaɗi, haka ya kamata. Ana kiran kayan nan waɗanda aka yi watsi da su, amma da yawa ba watsi aka yi ba: mai su ya rasa aiki ne, ko yana kwance a asibiti, ko yana kurkuku, ko ya rasu 'ya'yansa ba su san da ɗakin ba. Hoton mahaifiyar wani ba zai kawo maka ko sisi ba, shi kuwa ba shi da wani. Kwamfuta da waya ma a goge abin da ke cikinsu kafin a sayar, ba tare da an tsaya leƙe ba. In an gama, a share ɗaki, a ɗauki hotonsa fanko, a kira ma'aikaci ya gani, a cire kwaɗo, a karɓi kuɗin ajiya da rasit a ranar.

Idan niyyar a turo kayan gida ce

Wasu 'yan Afirka ta Yamma mazauna Amurka suna tara irin waɗannan kaya su loda kwantena zuwa Legas, Kwatano, Lome ko Tema. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar kimanin kubik mita 67, ɗaki mai ƙafa 10 da 10 cike har rufi kuwa kusan 23 ne. Amma tunda abin da ya cancanci ketare teku a kowane ɗaki kaɗan ne, cika kwantena yana cin ɗakuna masu yawa da watanni, kuma duk wannan lokaci kai ma hayar wurin tarawa kake biya.

Wutar lantarki ita ke fara kayar da mutane. Ta Amurka volt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, ta Najeriya, Nijar da Gana kuwa 220 zuwa 230 ce mai bugu 50. Dutsen guga, injin markaɗe, na'urar ɗumama abinci ko cajar injin huda bango da aka yi don 120 kawai, jona shi kai tsaye yana ƙone shi nan take. Ƙaramar taransifoma tana rage ƙarfin wutar, amma ba ta canza bugunta, don haka injin da aka yi don 60 yakan rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa zafi. A duba rubutun da ke bayan kaya: wanda aka sa wa 100–240V, kamar cajar kwamfuta da waya, shi ne mai tafiya ko'ina. Wayar iPhone da ke kulle da asusun mai ita ba ta da amfani sai don kayan gyara. Zinariyar Amurka ma galibi 10K ce ko 14K, wato kashi 41.7 ko 58.5 cikin ɗari, alhali masu saye a kasuwanninmu sun saba da 18, 21 da 22, don haka kuɗinta ba zai kai yadda nauyinta ke nunawa ba.

Sai kwastan. Najeriya ta sa tufafin gwanjo cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, duk da cikar da suka yi a Ƙofar Wambai da Kasuwar Barci, haka ma tsofaffin firji, na'urar sanyaya ɗaki da kwamfresa. Mai shigo da tsofaffin kayan lantarki sai ya yi rajista da hukumar kula da muhalli ta NESREA, kuma matattun kaya ana ɗaukarsu a matsayin shara mai guba. Abu ɗaya haramtacce yana iya tsayar da kwantena gaba ɗaya a tasha, kuɗin jinkiri na hawa kullum. Masu kai kaya Nijar kuwa, tun bayan juyin mulkin 2023 da rufe iyaka da Benin, hanyar Lome ta cikin Burkina Faso ta ƙara nisa da tsada. Kayan da suka fi jure wannan duka su ne waɗanda ba ruwansu da wuta kuma ba sa cin wuri: sifana da sauran kayan aikin hannu, kekuna, tukwane da faranti na ƙarfe, keken guragu da sandunan dogarawa, kayan wasan yara, da kwamfutocin hannu da aka kunna aka tabbatar suna aiki kafin a loda.